Muryar Inna Tumba da Na Shafe da Hannuna

Ana idar da sallar asuba muka tashi daga Gusau, ranar Laraba, a cikin wata tsohuwar a-kori-kura wadda ƙofarta ta gefen fasinja sai da igiya take rufuwa. Mu huɗu ne: direba, da wani malamin kimiyya na sakandare, da wata ma'aikaciyar lafiya, sai ni da rikoda a kan cinya. Mako uku ke nan da dawowarmu, kuma tun ranar nake ɗaukar biro ina ajiyewa. Yau dai na ce ko da kunya sai na rubuta.

Ga wanda bai san mafarin zancen ba, malaman kimiyya na makarantun Gusau ne suka haɗa kai a bazarar nan, suka ce za su fito da kayan ɗakin gwaji su kai wa mutanen gari har inda suke. Kwana biyar aka yi ana zagaye. An kafa tebur a bakin kasuwa, an kafa a tasha, an je Tudun Wada da Sabon Gari da Samaru. An nuna wa mata yadda za su gane gishirin da ke hana maƙoƙo, an kunna takarda da hasken rana a gaban mahauta har wani ya ja da baya yana a'uziyya. Ni gidan rediyonmu ya ɗora wa ɗauko rahoto. In faɗi gaskiya, abin da muka watsa a kwanakin nan biyar bai wuce "an buɗe", "an yi kira", "an jaddada" ba. Mahaucin nan ko tarinsa ba a ji a rediyo ba. Daga nan aka ware kwana biyu na fita waje: Laraba a ƙasar Tsafe, Alhamis a rufe taro a Bungudu.

Dole in yi muku bayanin kaset, don a kansa komai ya rataya. Jihar nan ba ta cika shekara biyu da haihuwa ba, kayan aikinmu duk na aro ne ko na gado. Ma'ajin kayanmu sai ya yi tsaki sau uku kafin ya buɗe durowa, kuma kaset biyu ya ba ni, kowanne rabin awa a gefe ɗaya, rabin awa a ɗayan. A bayan kowane kaset akwai wani ɗan ƙaramin marfi na roba da muke kira haƙori. In ka karya shi, rikoda ba za ta ƙara ɗaukar wata magana a kan wadda ke ciki ba. To a wurinmu ba a karya haƙori sai in jawabin manya ne a ciki. Duk sauran kaset komawa suke yi durowa, a shafe, a sake ba wani.

Wahalar man fetur kuwa ba sai na faɗa ba, kowa na cikinta. Mun wuce layin motoci a gidan mai na bakin gari, direbobi sun baza tabarmi a ƙarƙashin motocinsu kamar waɗanda suka tare. Mu a hannun 'yan bumburutu muka sayi galan biyu, direba yana shinshina bakin jarka yana rantsuwa an gauraya da kananzir, mai sayarwa yana rantsuwa da abin da ya fi nasa. Hanya ba laifi har muka wuce mararrabar Mada. Dutsen Kwatarkwashi na tsaye da safiyar nan, gonaki a share tas, an jera tulin taki nan da can, jakuna na kai da kawowa da mangala. Ko'ina ka duba jiran ruwan farko ake yi. Shinge uku muka wuce, a kowanne sai an tambayi abin da ke cikin akwatin katakon da malamin kimiyya ya rungume. Da ya ce madubin likita ne, na'urar da ake leƙa ƙananan halittu, wani mai kaki ya ce a duba masa ido tunda an zo.

A Tsafe muka karya kumallo. Shayi mai madara naira goma, burodi rabi naira goma, ƙosai kuwa na naira biyar ya ishi mutum mai kunya. Ni ba na cikinsu, na goma na ci. Mangwaro ya yi arha har ana roƙonka ka ɗauka. A teburin mai shayin na fara aiki, na ɗauki bayanin malamin da muryoyin 'yan tasha, har gefe ɗaya na kaset na farko ya cika. Daga nan muka sauka daga kwalta muka bi wata hanyar shanu wajen awa guda, zuwa wani ƙauye da ba zan ambaci sunansa ba, don na riga na ja musu abin da ya isa.

Tun kafin mu shiga garin muka ga tafkinsu, ya janye ya bar ɗan ruwa kore a tsakiya, mata na taka laka suna cika tuluna. A ƙofar mai unguwa kuwa na ga abin da ya sa aka zaɓi garin. Maza huɗu na zaune da sanduna, ƙafafu a kumbure, kowanne da ɗan tsinke a idon sawu an naɗe farin zaren kurkunu a jiki. Majiya ƙarfi ne, ga damina a bakin ƙofa. Ma'aikaciyar lafiyar ta raɗa mini cewa bara sun kawo ƙyallen tace ruwa sun raba, da suka dawo suka tarar an mayar da shi rariyar tankaɗe gari, wai ya fi na kasuwa laushi.

Malamin ya kafa madubinsa a kan turmi, ya karkata shi ya kamo rana, ya ɗiga ruwan tafkin. Na leƙa da kaina. Subhanallahi! Wasu 'yan ƙwari ne farare suna ta zillo. Ya yi bayani cewa a cikinsu ƙwan kurkunu yake zama, wanda ya sha su bana sai baɗi war haka zai ga zare a ƙafarsa, shi ya sa ba wanda ke zargin ruwa. Mai unguwa ya leƙa ya daɗe, ya ɗago ya gyara hula.

"Malam, ƙwarin ga cikin madubinka suke. Da su ka zo."

Aka kwashe da dariya. Ya ce su tun kakanninsu sun san kurkunu jijiya ce da ke mutuwa a jikin mutum, ruwan da shanu ke sha su yi ƙiba ba ya kwantar da namiji.

Ana cikin haka sai ga wata tsohuwa da ƙwaryar fura a ka, ta ajiye a gindin bishiya. Wani ya ce, "Yauwa, ga malamarku nan ta iso, Tumba mai tata!" Aka sake dariya. Ashe shekara da shekaru ke nan Inna Tumba ba ta zuba ruwa a randa sai ta ninka ƙyalle biyu ta ɗaure bakin tulu ta tace, kuma garin duk iyayi suka ɗauke shi. Malamin ya roƙi ruwan gorarta ya ɗiga. Fes, babu ƙwaro ko ɗaya. Mai unguwa ya leƙa, ya ce ai sun gaji ne sun kwanta.

Na ja tsohuwar gefe na juya kaset na kunna rikoda. Da fari ta rufe baki da gefen mayafi, ta ce mi za ta ce wa akwati. Da ta saki jiki kuwa, wallahi a shekarun da na yi ina wannan aiki ban ɗauki magana mai daɗin tata ba. Ta ce ita ba don kurkunu ta fara tata ba, don furarta ta yi fari ne ta fi ta maƙwabta shiga kasuwa. Sai ta lura shekara ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce, duk wanda ke shan ruwan randarta bai kwanta ba. Ɗanta guda da ke kafa kai a tafki in ya je gona, shi kaɗai zare ya fito wa. Ta hana shi, ta riƙa cika masa gora daga gida, bai ƙara yi ba. Ta ba da labarin shekarar da marigayi maigidanta ya kwanta ƙafa biyu tun daga shuka har girbi.

"Ni na noma gonar ga, ɗana, da goyo ga baya. Hatsin da munka samu bai kai mu sallar layya ba. Wanda duk ya ga wannan shekara ba shi ƙyashin ninka ƙyalle."

Kusan rabin awa tana magana, har gefen kaset ya kusa ƙarewa. Malamin kimiyya yana tsaye a bayana, na ji ya ce a hankali wannan ce kimiyyar da suka kwana biyar suna neman nuna wa mutane. Mai unguwa kuma ya matso yana murmushi, irin na wanda ya tabbata ba za a yi ba.

"In har rediyo ta ɗauki maganar Tumba ta sa duniya ta ji, to na yarda. Ni da kaina zan sa a yi shela, kowace mace ta ɗaure bakin tulunta."

Ni kuma bakina bai da linzami. Na dafa ƙirji a gaban jama'a na ce ranar Juma'a bayan la'asar su kunna rediyo, za su ji Inna Tumba da kunnensu. Ta cika mana kwano da fura ta ƙi karɓar ko kwabo. Fura ce fara sol, da yaji daidai, na sha har na ji kunya.

A hanyar dawowa malamin ya ce, "Malam, karya haƙorin kaset ɗin nan mana." Na ce haba, ma'aji zai cinye ni ɗanye, ai a jakata yake, me zai same shi? Ya sake faɗa a daidai Kwatarkwashi, na mayar da abin wasa. Mun shigo Gusau ana kiran magariba, edita ya riga ya tashi, don haka ban bi ta ofis ba. Kaset ya kwana a jaka, da safe na saɓi jakar yadda take.

Bungudu ba nisa, kafin shayin cikinka ya huce ka isa. Hanyar ta fi ta jiya daɗi, ga lambuna kore shar a bakin gulbi, ga masu rake da albasa a gefen titi. Filin taro ya sha rumfuna da kujerun roba, an kawo makaɗa, mutanen ƙauyen Karakkai sun cika babbar mota sun zo, ɗalibai na jere a rana tun hantsi. Madubin likita da sauran kayan gwajin an kai su can ƙarshen fili bayan masu sayar da ruwan sanyi. Ban ga mutum goma sun leƙa su ba duk yinin.

An ce ƙarfe goma, ba a fara ba sai da aka yi azahar. Na ɗora rikoda a kan teburin manya da sabon kaset. Nan na yi wautar farko. Mai jawabin maraba ya tashi, na ɗauka. Shugaban taro ya tashi, na ɗauka. Wakilin wane, wakilin wakilin wane, kowa in ya miƙe sai ya kalli rikodar ya ga ko tana juyawa, ni kuma ba ni da fuskar kashewa a gabansa. Ko da babban baƙo ya miƙe, awa guda ta tafi, kaset ya cika gefe biyu. Edita kuwa ya ja mini kunne tun ranar Litinin: jawabin babban baƙo a kawo shi cif, daga bisimilla har godiya, in ba haka ba in nemi wanda zai tsaya mini.

Na laluba jaka na ciro kaset ɗin Tsafe. Na ce a raina ba komai, gefen 'yan tasha zan shafe, rabin awa ai ta ishi kowane mai jawabi. Na danna jan maɓalli. Bawan Allah ya yi minti goma yana gaishe da manyan da ke wurin ɗaya bayan ɗaya. Ya shiga tarihin jiha. Ya koma kan muhimmancin ilimi. Ina kallon zaren kaset yana ƙarewa, ina addu'ar Allah ya sa ya ce "daga ƙarshe". Ya faɗa kuwa, har sau biyu, amma bai ƙare ba. Sai na ji ƙas, rikoda ta tsaya, shi ko rabin takardunsa bai kai ba.

Kada wanda ya ce kuskure ne. Na san abin da ke ɗaya gefen, na san muryar wa ke ciki. Ina iya barin rikodar a kashe in rubuta sauran jawabin da biro. Amma mutumin ya ji ƙarar tsayawarta, ya dakata, ya kalle ni ta saman tabarau, manyan teburin duk suka juyo. Hannuna ya ciro kaset, ya juya shi, ya mayar, ya danna. Da na karya haƙorin nan jiya, da maɓallin ya ƙi shiga, da na sami uzurin da ni kaina ban iya ba kaina ba. Daga can ƙarshen fili malamin kimiyya yana kallona. Sai ya kau da kai ya koma kan madubinsa.

An raba shinkafa da nama a leda bayan taro. Direba ya cinye tasa ya cinye tawa.

Ranar Juma'a na yi ƙoƙarin gyara ɓarna. Na rubuta labarin Inna Tumba shafi guda na haɗa da rahoton, ko a karanta da bakin mai gabatarwa. Edita ya duba ya ce ina muryar? Na ce babu. Ya ce to ba murya ba labari, ga shi jawabi ya cinye lokaci. Ya ja biro ya mayar da shafin nan layi ɗaya: "An kuma wayar wa jama'a kai game da muhimmancin tsaftar ruwan sha." Ban ga laifinsa ba, ni na kawo masa jawabi cif kamar yadda ya ce. Har yaba mini ya yi, ya sa aka kwafe jawabin a sabon kaset aka karya masa haƙori. Bayan la'asar shirin ya fita, ina zaune a ɗakin watsa shiri ina jin babban baƙo yana gaishe da manya ɗaya bayan ɗaya.

Na nemi mota in koma in sake ɗauka, aka ce babu mai, kuma makon kimiyya ya wuce, labari ya tsufa. Ba zan ɓoye a bayan wannan ba. Kuɗin motar haya zuwa Tsafe bai fi ƙarfina ba. Idon da zan kalli tsohuwar nan da shi ne ban samu ba, ina cewa gobe, gobe, har ruwan farko ya sauka.

Malamin kimiyya ne ya koma, a kan babur ɗinsa, ya kai musu ƙyalle yadi biyar da ya saya da kuɗinsa. Shekaranjiya ya zo ofis ya same ni. Ya ce ranar Juma'ar tun kafin la'asar garin ya taru a ƙofar mai unguwa. Mai unguwa ya aika Tsafe an sayo sababbin batura. An shimfiɗa wa Inna Tumba tabarma a gaba, ta ɗaura zanen sallarta, 'ya'yanta mata da ke aure a wasu ƙauyuka sun zo da jikoki. Suka saurara har aka yi kiɗan rufe shiri. Mai unguwa ya kashe rediyo ya ce, "To." Kowa ya watse. Ba a yi shela ba. Yanzu sun daina ce mata mai tata, Tumba ta rediyo suke ce mata, in ta wuce da fura wani ya tambaye ta ƙarfe nawa za ta fito yau. Tafki ya cika, ana sha yadda aka saba. Gidaje uku ne suka karɓi ƙyallen. Sauran kuwa sai baɗi war haka za a gani a ƙafafunsu.

Na tambaye shi ko ta yi fushi da ni. Ya ce ko kusa. Cewa ta yi a gaishe ni, kuma kada in damu, ta san muryarta ce ba ta yi kyau a cikin akwatin ba, tsohuwa ba haƙora, dole manya su cire. Kai, da zagina ta aiko da shi da ya fi mini sauƙi.

Abin da tafiyar nan ta koya mini ba mai yawa ba ne, kuma ba mai daɗi ba. Mun yi mako guda muna bin kimiyya da rikoda, muka same ta a bakin tulun wata mai fura, ni kuma na shafe ta don kada wani ya kalle ni ta saman tabarau. Na kuma gane cewa alkawarin da ɗan jarida ke yi a ƙauye yana tafiya ya manta, su can a kansa suke sayen batur.

Kaset ɗin bai koma durowa ba, na ce wa ma'aji ya ɓace. Jiya na sa shi a rikoda na tura har ƙarshen gefe na biyu. Babban baƙo ya yi godiya, aka yi tafi, aka ji ƙas inda na kashe. Sai ga muryarta ta fito, ragowar da jawabin bai kai gare ta ba, ko minti ɗaya ba ta cika ba. Tana dariya, ana jin kaji a bayanta.

"Ka dai tabbata ka sa, ɗana. Na riga na hwaɗi ma mutane."

Na ciro kaset ɗin, na sa makullin ɗakina na karya masa haƙori.